Tawadar Malamai: Rayuwa da Aikin Farfesa Sulaiman Bashir Diagne



Shugaban wannan zama, iyayena malamai, abokan aiki, ɗalibai maza da mata. An nemi in yi magana a kan rayuwar wani shehin malamin falsafa, aka bar mini zaɓi. Na zaɓi ɗan Senegal, Farfesa Souleymane Bachir Diagne, wato Sulaiman Bashir a bakinmu. Mutanen ƙasarsu Bashir kawai suke ce masa, ni ma haka zan riƙa kiransa.

Na san idan aka ambaci falsafa a ƙasar nan, akwai masu ɗaure fuska. A wurin mutane da yawa ilimi ne na Turawa, ƙofa ce ta shakka, wanda ya shige ta da wuya ya fito da imaninsa. Iyaye kan ji ɗansu ya ce zai karanta falsafa sai gabansu ya faɗi. Ban raina wannan tsoro ba, domin yana da asali. Amma abin da na zo in faɗa yau shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Yana cikin littattafan da kakanninmu suka karanta, suka koyar, suka kuma rubuta da hannunsu. Rayuwar Bashir hujja ce a kan haka, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa a zamaninmu dagewa wajen tunatar da duniya wannan magana.

An haife shi ranar 8 ga Nuwamba, 1955, a birnin Saint-Louis, wanda Wolofawa ke kira Ndar, a bakin kogin Senegal inda yake shiga teku. Garin ya daɗe yana hedikwatar Faransawa a yankin, don haka makarantar boko ta kafu a can da wuri. Kuma gari ne na malamai da zawiyoyi, inda Alhaji Malik Sy, babban shehin Tijjaniyya, ya kafa zawiyarsa. Gidan su Bashir gidan karatu ne. Iyayensa ma'aikatan gwamnati ne, aiki ya kai su Ziguinchor a kudancin ƙasar, a can ya yi ƙuruciyarsa cikin Musulmi da Kiristoci da masu addinin gargajiya, da harsuna barkatai a kasuwa ɗaya. Daga nan suka koma Dakar, inda ya gama sakandare a 1973. Mahaifinsa mutum ne mai yawan karatu, littattafan addini da na tasawwufi suna jere da na Faransanci a ɗakinsa. Ku riƙe wannan ɗaki a ranku, domin ranar amfaninsa tana tafe.

Ya tafi Paris yana ɗan shekara 17 da 'yan watanni. Ya shiga makarantar share fage ta Louis-le-Grand, wadda Shugaba Senghor na Senegal ya yi a zamaninsa, sannan ya ci jarabawar shiga École normale supérieure, makarantar da ta yaye manyan masana falsafar Faransa irin su Bergson da Sartre. Gurbinta kaɗan ne, jarabawarta kuwa sai wanda ya isa. A 1978 ya ci jarabawar da ke ba mutum izinin koyar da falsafa a Faransa. Malamansa a can sun haɗa da Louis Althusser, mai bin tafarkin Markisanci, da Jacques Derrida. Wanda ya duba masa digirin digirgir kuwa shi ne Jean-Toussaint Desanti, masanin falsafar lissafi. Babu ɗaya daga cikinsu da za a kira mutumin masallaci ko na coci. Yaron Ndar ya zauna a gabansu, ya kwashi abin da ke wurinsu, bai bar sallarsa ba.

A wancan lokaci, ɗan Afirka da ke karatun falsafa a Turai, abin da ake zato shi ne zai rubuta kundinsa a kan al'adun ƙabilarsu. Bashir bai yi haka ba. Ya zaɓi mantiƙi da lissafi, ya duƙufa a kan wani Bature mai suna George Boole. Ku ba ni 'yan mintoci a kan wannan mutum, don ba za a fahimci Bashir ba sai an ga irin horon da ƙwaƙwalwarsa ta sha.

An haifi Boole a 1815 a garin Lincoln na Ingila, ɗan baduku ne mai ɗinkin takalma, bai yi jami'a ba, da kansa ya koya wa kansa lissafi, har aka naɗa shi farfesa a Cork ta ƙasar Ailan a 1849. A 1854 ya fitar da littafi a kan dokokin tunani. Abin da ya yi shi ne ya mayar da hujja lissafi. Ka ce x na nufin tumaki, y na nufin duk wani abu fari. To xy ya zama fararen tumaki. Yanzu ka zaɓi tumaki daga cikin tumaki, me ka samu? Tumakin dai. Ke nan x sau x daidai yake da x. Ɗaliban lissafi da ke nan su gwada, za su ga lambobi biyu kaɗai ke karɓar wannan doka, 0 da 1. Sai Boole ya ce 1 shi ne dukan abin da ake magana a kai, 0 kuwa babu. Idan ka ɗebe x daga 1, ka sami duk abin da ba tunkiya ba. Ka ninka wannan da x, sai ka sami 0, wato babu abin da yake tunkiya kuma ba tunkiya ba a lokaci guda. Wanda ya yi karatun zaure zai gane wannan nan take: ƙa'idar nan ce ta cewa kishiyoyi biyu ba sa haɗuwa, ga ta an rubuta ta da alƙaluman lissafi. A 1937 wani ɗalibi Ba'amurke, Claude Shannon, ya nuna cewa za a iya gina wannan lissafi da wayoyin lantarki, kunnawa 1, kashewa 0. Wayar da ke aljihun kowa a ɗakin nan a kan wannan take aiki.

Bashir ya kammala babban kundinsa a 1988. A 1989 ya fitar da littafi a kan Boole, a 1992 kuma ya fassara littafin Boole ɗin kansa zuwa Faransanci. Ku duba da kyau: Faransawa masu son karanta wannan Bature ɗan Ingila da harshensu, fassarar ɗan Senegal suke ɗauka. Ina jaddada wannan ne saboda matasanmu da ake nuna wa cewa rabonsu a ilimi shi ne su ba da labarin al'adunsu, nazari mai zurfi kuwa na wasu ne.

Tun a 1982 ya koma gida ya kama koyarwa a Jami'ar Dakar, wadda daga baya aka sa wa sunan Cheikh Anta Diop. Mantiƙi da tarihin kimiyya aka ɗauke shi ya koyar. Amma zamani ya zo da nasa. Juyin juya halin Iran na 1979 ya girgiza duniyar Musulmi, ƙungiyoyin ɗalibai masu kishin addini suka yi ƙarfi a harabar jami'a, ana ta muhawara a kan shari'a da mulki da matsayin hankali. Waɗanda suka yi jami'a a Zariya ko Kano a shekarun 1980 sun san irin wannan yanayi. Sashen falsafa na Dakar kuwa yana koyar da Aflatun da Descartes da Kant, babu Farabi, babu Ibn Sina, babu Gazali, a ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne. Sashen ya ga wannan giɓi, aikin cike shi ya faɗo kan Bashir. Ba a Paris ya koyi wannan fanni ba. Tarbiyyar gida da ɗakin karatun mahaifinsa su ne jarinsa na farko, a kansu ya ɗora bincike. Darasin da ya fara don biyan wata buƙata ta lokaci, shi ya zama rabin aikin rayuwarsa.

Abin da ya tara a wannan koyarwa shi ne ya fito a 2008 a littafinsa Comment philosopher en islam?, wato yaya ake falsafa a Musulunci, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 2018. Littafi ne ƙarami, amma a ganina babu wanda ya kai shi amfani a gare mu cikin littattafansa. Ya nuna cewa tambayoyin falsafa ba daga Girka suka fara shigo wa Musulmi ba. Daga cikin gida suka taso: wa ya cancanci shugabanci bayan wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mene ne matsayin mai babban zunubi, ina iyakar zaɓin ɗan Adam a gaban ƙaddara. Da aka zo aka fassara littattafan Girkawa a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, sun tarar da mutanen da suka riga suka saba da jayayya da hujja.

Akwai wani zama da Bashir ke son ba da labarinsa. An yi shi a Bagadaza wajen shekarar 932, a fadar waziri Ibn al-Furat. A gefe ɗaya Abu Bishr Matta, Kirista, mai fassara littattafan Aristo, malamin Farabi. A ɗaya gefen Abu Sa'id as-Sirafi, gwanin nahawu, mai sharhin littafin Sibawaihi. Matta ya ce mantiƙi ma'auni ne na kowa da kowa, kamar yadda lissafi ba ya canzawa daga al'umma zuwa al'umma. Sirafi ya ce a'a, abin da kake kira mantiƙi nahawun Girkanci ne aka yi masa ado, mu kuwa muna da namu nahawun. Masu tarihi sun ce Sirafi ne ya rinjayi majalisar, ya yi ta ɗaure Matta da tambayoyin Larabci. Bashir bai ba ɗayansu gaskiya dukanta ba. Ya yarda da Sirafi cewa babu tunanin da ke yawo tsirara, kowane tunani a cikin wani harshe yake. Amma ya ce tsoron Sirafi bai tabbata ba: Larabci bai lalace da karɓar falsafa ba, faɗi ya ƙara, har ya zama harshen ilimin duniya na ƙarnoni. Wannan darasi ya shafi Hausa kai tsaye, zan dawo kansa.

Na san sunan da ke ran malamaina tun ɗazu: Imam Gazali. Ai shi ne ya rubuta Tahafutul Falasifa. Gaskiya ne. Ya ƙalubalanci masana falsafa a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Babu ɗayanmu da zai ja da Gazali a kan waɗannan ukun. Amma da me ya yaƙe su? Da hujjar hankali, mataki bayan mataki, bayan ya zauna ya karance su har ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofinsu. Shi ne kuma ya rubuta Mi'iyarul Ilmi a kan mantiƙi, ya sa mantiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani, kuma wannan Ibn Rushd ɗin shi ne alƙalin Malikiyya da muke karanta Bidayatul Mujtahid ɗinsa. Abin da Bashir ke cewa shi ne, wannan jayayya ita kanta falsafa ce, kuma a cikin gidan Musulunci aka yi ta, tsakanin malamai masu alwala.

A nan zan ƙara nawa, don abin ya iso ƙofar gidanmu. Wane yaro ne a ƙasar Hausa da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai bai fara da Ahalari ba? To Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mai wannan ɗan littafi na tsarki da salla, shi ne ya wallafa Sullam, waƙen mantiƙi da ake koyarwa a zaurukanmu har gobe, kuma abin da ke cikinsa mantiƙin Aristo ne kamar yadda malaman Musulunci suka tace shi. Littafin tauhidi na Imam Sanusi, Ummul Barahin, da me ya buɗe? Da rabe-raben hukuncin hankali uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Malam na zaune a kan buzu, almajiri ya buɗe 'yan warƙoƙinsa, malam yana fassara masa kalma bayan kalma cewa wajibi shi ne abin da hankali ba ya sawwala rashinsa, mustahili wanda ba ya sawwala samuwarsa. Wallahi wannan darasin falsafa ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan mulki, yana da littafi a kan mantiƙi, kuma da Imam Suyuɗi na Masar ya hana karanta fannin, Magili ya aika masa da baitoci yana kare shi. Ke nan tun ƙarni na 15 mutumin da ya kare halaccin wannan ilimi ya taka ƙasar Kano.

Wanda ya fi tasiri a kan tunanin Bashir game da addini shi ne Muhammad Iƙbal, mawaƙi kuma masanin falsafa na ƙasar Indiya kafin a raba ta, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1938. Bashir ya rubuta littafi a kansa a 2001, sannan a 2011 ya haɗa shi da Senghor a wani littafin, ya nuna yadda su biyun suka amfana da Bafaranshe Henri Bergson. Abin da ya ɗauko daga Iƙbal shi ne cewa halitta ba abu ne da aka gama aka rufe ba, Allah yana ta halitta a kowane lokaci, kuma ijtihadi shi ne ke ba al'umma motsi. Saboda haka riƙon amana ga magabata ba ya nufin tsayawa cik inda suka tsaya. Su ma da suka tarar da tambayoyin zamaninsu ai amsa su suka yi. Wanda ya ƙi amsa tambayoyin nasa zamanin da sunan bin su, bai bi su ba. Bashir bai taɓa ɓoye cewa shi mutumin tasawwufi ba ne, yana kuma yawan ambaton Cerno Bokar na Bandiagara a Mali, malamin Amadu Hampate Ba, a matsayin misalin malami mai zurfin imani da faɗin ƙirji.

Daga 1993 zuwa 1999 ya zama mai ba Shugaba Abdou Diouf shawara a kan ilimi da al'adu, yana kuma ci gaba da shiga aji. Shekaru ne masu tsanani. Jami'ar Dakar ta yi asarar shekarar karatu a 1988, ta sake yi a 1994, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. A 2002, bayan shekara 20 yana koyarwa a gida, ya koma Jami'ar Northwestern kusa da Shikago a Amurka, a 2008 kuma ya wuce Jami'ar Columbia a birnin Niyok, inda ya koyar a sashen Faransanci da na falsafa, ya kuma shugabanci cibiyar nazarin Afirka. Ya isa Amurka shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ɗalibai suna ta cika ajinsa suna son sanin mene ne Musulunci. Da yawansu a bakinsa suka fara jin cewa akwai wani abu wai shi Ibn Sina.

Ba zan wuce wannan tafiya tasa ba tare da na faɗi abin da ke raina ba. Rashi ne ga Dakar, rashi ne ga Afirka. Ɗalibin Niyok yana da malamai ɗari da zai zaɓa, ɗalibin Dakar ba shi da kamar Bashir. Gaskiya ne bai yanke zumunci ba, yana komawa gida yana karantarwa, ya kuma yi aiki da CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar. Duk da haka malamin da ake gani kullum daban yake da wanda ke zuwa hutu. Sai dai kafin mu ɗora masa laifi, mu tambayi kanmu abin da jami'o'inmu ke ba malami: ɗakin karatu babu sababbin littattafai, yajin aiki ya ci rabin shekara, albashi ba ya kai ƙarshen wata. In bera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma akwai alherin da tafiyar ta haifar, wanda ya shafe mu. A Northwestern ya tarar da John Hunwick, Baturen da ya koyar a Ibadan a shekarun 1960, ya ƙarar da rayuwarsa yana lissafa rubuce-rubucen Larabci na malaman Afirka, ya kuma kafa cibiyar nazarin tunanin Musulunci a Afirka a wannan jami'a. A ɗakin karatunta ne ake ajiye da littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa Bakano da ya rasu a 1962, rubuce-rubuce sama da 3,000, na Larabci da na ajami. Ɗakin karatun malamin Kano guda ɗaya ke nan. A 2008 Bashir da Shamil Jeppie na Afirka ta Kudu suka shirya babban kundi a kan rubuce-rubucen Timbuktu, kuma kundin bai tsaya a Timbuktu ba: akwai babin Murray Last a kan littafi a daular Sakkwato, da na Hamid Bobboyi a kan ajami, da na Beverly Mack a kan malamai mata irin su Nana Asma'u.

Me ya sa wannan ya zama babbar magana? Saboda an daɗe ana gardama a kan ko Afirka tana da falsafa. Hegel na Jamus ya fitar da Afirka daga tarihi gaba ɗaya. A 1945 wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya rubuta littafi ya ce Bantu suna da falsafa, amma a ɓoye take cikin al'adunsu, sai an zo an tono musu ita. A shekarun 1970 Paulin Hountondji na Benin ya yi watsi da wannan, ya ce falsafa ba al'adar ƙabila ba ce, aiki ne na mutum mai suna wanda ya kawo hujja aka iya ja da shi, kuma rubutu ne ke riƙe ta. Ɓangarorin biyu sun yi ta fafatawa, amma kusan dukansu sun tafi a kan cewa Afirka nahiyar baka ce, rubutu da Turawa ya zo. Bashir ya ce wannan kuskure ne. A littafinsa na 2013, L'encre des savants, wato tawadar malamai, ya nuna cewa ba za a rubuta tarihin falsafa a Afirka ba a tsallake ƙarnonin da aka yi ana karatu da rubutu a Timbuktu da Jenne da sauran biranen ilimi. Sunan littafin ya samo shi ne daga maganar nan da ke fifita tawadar malamai, wadda Ahmad Baba na Timbuktu ya kawo a rubutunsa. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinta, amma darajar ilimi da take nunawa ba abin jayayya ba ne.

Ahmad Baba ɗin nan, wanda ya rayu daga 1556 zuwa 1627, sojojin Maroko suka kama shi suka kai Marrakesh bayan sun ci Songhai. Da aka yi masa tambaya a kan bauta, ya rubuta Mi'irajus Su'ud, ya rushe da'awar masu cewa baƙar fata alamar bauta ce, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ba zan ce ya haramta bauta dukanta ba, bai yi ba, ɗan zamaninsa ne. Amma ga malami baƙar fata yana kafa hujja a kan daidaiton 'yan Adam shekaru ɗari huɗu da suka wuce. A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa dubban littattafai wuta a cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Timbuktu. Mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda mutanen gari sun kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako, cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale.

Mu fa, wa muke da shi? Muna da Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimai har masana tarihin lissafi na yau suke ambatonsa. Muna da Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya gana da shi a 1853 ya yaba zurfin iliminsa. Mun fi saninsa da littafin tarihi, Raudatul Afkar, alhali yana da Alfutuhatur Rabbaniyya da Kulliyatul Alamis Sitta, inda ya yi magana a kan asalin samuwa da rai da zamani, yana auna maganganun masana falsafa da ma'aunin Alƙur'ani da na tasawwufi. Ɗalibai nawa ne a ɗakin nan suka taɓa jin sunan waɗannan littattafai? Mun zama kamar magajin da ke kwana da yunwa, rumbun da aka bar masa na tsakar gida bai taɓa buɗe shi ba.

Sai batun harshe. A 2022 Bashir ya fitar da littafi a kan fassara, ya kira ta karɓar baƙo. Ra'ayinsa shi ne babu harshen da aka halitta don falsafa, babu kuma wanda ya gaza ɗaukarta. Gaskiyar da ta game kowa ba wata al'umma ce za ta sauko da ita daga sama ta ɗora wa saura ba, ana gina ta ne a gefe da gefe, idan harsuna suka zauna suka fassara juna. Da wannan ya ja da masu cewa tunani mallakar Turai ne, ya kuma ja da 'yan'uwansa 'yan Afirka masu cewa mu rufe ƙofa, duk abin da ya zo daga waje mulkin mallaka ne. Na yarda da shi a duka biyun. Inda nake da ƙorafi shi ne, littattafan da suka ɗaukaka sunansa da Faransanci ya rubuta su, aka fassara su zuwa Ingilishi. Manomin Kaolack da almajirin Tuba ba su ne masu karanta su ba. Akwai kuma masu cewa Musuluncin da yake nunawa ya cika daɗi a kunnen Turawa, ya fi zama da Iƙbal da Ibn Rushd fiye da malaman da talakawa ke saurare. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kodayake wanda ya ga muhawararsa da Bafaranshe Rémi Brague, wadda aka buga a 2019, ya san ba mutum ne mai sayar da addininsa don a tafa masa ba. Aikin kai wannan ilimi ga jama'a da harshensu yana nan bai samu mai yi ba, kuma a ƙasar Hausa ba Bashir ne zai yi mana shi ba.

Ku duba wani abu. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram, saboda tsarin karatun da Nijar ta gada, yana yin darasin falsafa a ajin ƙarshe na sakandare. Ɗan'uwansa na Katsina ko Daura, mai harshe ɗaya da shi, zai iya gama jami'a bai zauna ajin mantiƙi na kirki ba. Tsofaffin sassan falsafa na Nijeriya suna Ibadan da Nsukka da Legas da Ife. A Arewa mun bar fannin, muna ganin mun tsare imani, sai ga matasanmu suna cin karo da shubuhohi a intanet ba su da makamin auna hujja, wasu kuma wani mai zaƙin baki ya ja su zuwa ta'addanci da hujjar da ɗalibin Sullam zai warware cikin minti biyar.

Saboda haka ina da roƙo, kuma ga rukuni uku nake yin sa. Iyayena malaman zaure, ku da kuke da Larabcin da silsilar karatun, ku buɗe wa 'yan jami'a ƙofa, ku karantar da su Sullam da Sanusi yadda aka karantar da ku. Hukumomin jami'o'inmu, ku buɗe darasin tarihin tunani a ƙasar Hausa da Barno, ku sa malamin Larabci da na Hausa da na lissafi su koyar da shi tare. Ku kuma ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin digiri na biyu ko na uku a kai, littattafan nan suna Gidan Arewa a Kaduna, suna cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna Jami'ar Bayero, suna cibiyar binciken da Bubu Hama ya tara wa rubuce-rubuce a Yamai, wasu kuma suna cikin gafakar kakanninku gara na ci. Kowa ya ɗauki littafi ɗaya, ya tace shi, ya fassara shi zuwa Hausa, ya yi masa sharhi, ya kuma ja da marubucin inda ya ga hujjarsa ta yi rauni. A fara da ɗan Tafa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ƙara wa Farfesa Bashir lafiya da nisan kwana.